An manta auduga a cikin matata bayan tiyata: akwai haƙƙin da za mu bi, ko mu bar wa Allah?

Mai wannan tambaya magidanci ne, manomi a wani ƙauye da ke kudancin Kano. Naƙuda ta yi wa maiɗakinsa tsawo, aka kai ta asibitin da ke garin ƙaramar hukumarsu, aka yi mata aiki aka ciro jariri da rai. Bayan sallama ciki bai daina ciwo ba, zazzaɓi ya ƙi sauka, wurin ɗinki yana ta zubar da ruwa mai wari. Suka koma, aka ce ɗinki ne bai gama kamewa ba, aka rubuta musu magani. Da abin ya ci tura sai ya sayar da shanun huɗarsa ya kawo ta babban asibiti a birni. Nan aka sake buɗe ta, aka tarar da dunƙulen auduga da aka bari tun aikin farko, mahaifa kuma ta riga ta lalace, dole aka cire ta. Dattawan gari sun ce ƙaddara ce, ya haƙura. Shi kuma ya tuna ya dangwala yatsa a wata takarda kafin a shiga da ita. Yana so ya ji ko suna da wani haƙƙi, ko takardar nan ta rufe magana.

Malam, sannu da jinya. Allah Ya ba ta lafiya, Ya raya abin da aka samu.

Kuna da haƙƙi, kuma takardar da ka dangwala ba ta kashe shi ba. Abin da zai iya kashe shi tun kafin alƙali ya ji bakinku shi ne lokaci, shi ya sa da shi zan fara.

Ba ka faɗa mini ko asibitin na gwamnati ba ne ko na kuɗi, alhali rabin amsar a nan take. Akwai tsohuwar doka ta kare ma'aikatan gwamnati, tarayya na da tata, jihohi ma na da irinta. Ta ce duk wanda zai yi ƙarar ma'aikacin gwamnati ko hukumar gwamnati kan abin da ya yi, ko ya yi sakacin yi, a bakin aikinsa, to ya shigar da ƙarar cikin wata 3. Idan wa'adin ya wuce, lauyan gwamnati ba zai ma taɓa zancen auduga ba. Zai miƙe ya ce lokaci ya ƙure, kuma sau da yawa a nan shari'ar ke mutuwa. Dokar ta yi sassauci inda cutarwar ke ci gaba, sai dai kotuna sun fi fassara wannan da ci gaban aikin da ya jawo cutar, ba ci gaban raɗaɗin da ya biyo baya ba, don haka kada ka jingina da shi. Ga kuma wani ƙarin: dokokin da suka kafa hukumomi da dama sun ce sai an aika musu takardar sanarwa kafin a kai su kotu, galibi wata guda, kuma a cikin wata ukun nan za ka cire shi. Mutumin ƙauye yana can yana fama da jinya da neman rance, kafin hankalinsa ya dawo jikinsa wa'adi ya shuɗe. A ganina wannan doka tana zaluntar talaka, amma tana nan, da ita ake aiki.

Ko da ka lissafa ka ga wata ukun sun wuce, kada ka yanke wa kanka hukunci. A labarinka sakaci biyu nake gani. Na farko ranar aikin. Na biyu ranar da kuka koma da mace mai zazzaɓi da ɗinki mai zubar da ruwa, aka sallame ku da ƙwayoyi ba a ko ɗauki hoton ciki ba. Na biyun nan da ranarsa daban, lauya mai lura zai iya kafa ƙafa a kansa. Idan kuwa asibitin na kuɗi ne, wannan doka ba ta shafe shi ba, wa'adinsa da shekaru ake lissafa shi. Ko ma wanne ne, ka nemi lauya a makon nan, ka je masa da ranaku a rubuce: ranar aiki, ranar sallama, ranar komawa, ranar aiki na biyu.

Sai shaida. Kotu ba ta san kuka ba, takarda ta sani. Takardar da ta fi kowace daraja a wannan magana ita ce rahoton likitan da ya yi aiki na biyu. Ku nemi rahoton a rubuce, da hatimin asibiti, ya bayyana abin da ya gani da ya buɗe, inda audugar take, halin da mahaifa ke ciki, da dalilin da ya sa ya cire ta. Ku tambaya ko an ɗauki hoton abin da aka ciro, ko an aika mahaifar ɗakin gwaje-gwaje, domin sakamakon gwajin ma shaida ne. Daga nan ku rubuta wa asibiti na farko takardar neman kwafin fayil ɗinta, ku yi kwafi biyu, a sa hannu a buga hatimi a kan naku da kwanan wata. Ku yi wannan kafin a ji kuna shirin ƙara. Ba ina zargin kowa ba ne, amma fayil yana da ƙafa, da zarar an ji ƙishin-ƙishin kotu sai a neme shi a rasa.

Idan aka ce muku fayil na asibiti ne ba a bayarwa, ku sani Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowane asibiti ya ajiye bayanan majinyaci, kuma ta mai da sauya bayanan ko lalata su laifin da zai iya kai mutum gidan yari har shekara 2. Kundin haƙƙoƙin majinyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a watan Yulin 2018 ya ambaci haƙƙin majinyaci na samun bayanan lafiyarsa a kan lokaci. In sun ƙi, kotu na iya umartar su su kawo. Sauran abin da ke hannunka kuma, katin awo, katin asibiti, takardun magani, hoton sikanin, rasit na jini da na gado da na kemis, duk ka haɗa a leda ɗaya ka ɗaure. Ko kuɗin motar da ta kawo ku birni ka rubuta, da sunan wanda ya sayi shanun da nawa ya saya, da waɗanda suka shaida cinikin. Kuɗin da aka kashe sai an kawo shi dalla-dalla da hujja kafin kotu ta ce a mayar. Raɗaɗi da rashin mahaifa kuwa alƙali ne ke kimanta su da kansa.

Mutanen Kano ba sa bukatar a ba su labarin 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara wajen 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75, sai a 2011 aka fara biyan iyalai. Ko a nan, da gwamnati ce ta tsaya, sai da aka kai ga gwajin ƙwayoyin halitta don a tantance wane ne ɗan wa, saboda shekaru sun ja kuma yawancin iyaye ba su da takarda a hannu.

To, me doka ke kira sakaci? Ba duk wanda ya shiga asibiti ya fito da matsala ne aka yi wa sakaci ba. Likita bai yi alƙawarin warkarwa ba. Abin da ke kansa shi ne ya yi aiki da kulawa da ƙwarewa irin wadda ake tsammani daga takwaransa mai irin horonsa. Wannan ma'auni daga wata shari'ar Ingila ta 1957 ya samo asali, wadda lauyoyi ke kira shari'ar Bolam, kotunanmu kuma suna bin sa. Mace na iya zubar da jini bayan haihuwa, a yi duk abin da ya kamata, Allah Ya karɓi abarSa, babu laifin kowa. Amma auduga daban ce. A ɗakin tiyata akwai nas da aikinta ya haɗa da ƙirga kowace auduga da allura da almakashi kafin a fara, a sake ƙirgawa kafin a rufe ciki, likita kuma ba ya ɗinkewa sai an ce masa lissafi ya cika. Wannan ƙirga na cikin jerin matakan kariya a tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008. Idan auduga ta kwana a cikin mutum, to ko ba a ƙirga ba, ko an ƙirga ba daidai ba. A irin wannan hali doka kan ce abin ya bayyana kansa, asibiti ne zai zo ya yi bayanin yadda hakan ta faru ba tare da sakacinsa ba.

Duk da haka kada ka ɗauka an gama. A 2006 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Ojo da Gharoro, wadda ta taso daga Benin. Allurar ɗinki ce ta karye a lokacin tiyata, guntunta ya zauna a cikin wata mata. Kowa zai ce ai wannan a fili take, amma matar ta faɗi shari'ar. Likitocin sun zo sun yi bayanin yadda allurar ta karye, ita kuma ba ta kawo wani likita masani da zai rushe bayaninsu ba. Taku ta fi tata ƙarfi, domin allura na iya karyewa da kanta, auduga kuwa hannu ne ya sa ta, hannu ne ya kamata ya cire ta. Amma dai sai kun samu likitan da zai tsaya a gaban alƙali, kuma a nan wahalar take, domin likitoci ba sa son ba da shaida a kan junansu. Shi ya sa na nace a kan rahoton likita na biyu tun yanzu, da abin yake sabo a ransa.

Ka kuma shirya wa abin da lauyan asibiti zai ce. Zai ce kun daɗe da ita a gida tana naƙuda, an ba ta jiƙe-jiƙe, mahaifar ta riga ta jigata kafin ta iso, saboda haka ba auduga ce ta lalata ta ba. Idan kotu ta ga da hannunku a cikin jinkirin, tana iya rage diyya, amma ba ta share ta. Ka gaya wa lauyanka gaskiyar duk abin da ya faru a gida, kada ya fara jin sa daga bakin abokin shari'a.

Takardar da ka dangwala kuwa izini ce ta a yi aikin, da amincewa da haɗarin da ke tattare da aikin ko da an yi shi yadda ya kamata. Babu wanda ya ba da izinin a manta masa auduga a ciki. Hasali ma, in dai matar tana cikin hayyacinta, izininta ne abin nema, ba naka ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Okonkwo ta 2001 cewa baligi mai hankali shi ke da ikon karɓa ko ƙin magani a jikinsa. Wannan ya kawo ni kan abin da na fi so ka riƙe: haƙƙin nan nata ne. Jikinta aka cutar, sunanta za a rubuta a matsayin mai ƙara, diyyar mahaifa tata ce. Kai kana da naka, wato abin da ka kashe. Amma kai ko mahaifinta ko dagaci, babu mai ikon yafewa a madadinta. Na sha ganin an zauna a zaure maza zalla an ce an yafe, mai ciwon tana ɗaki ba wanda ya leƙa ya tambaye ta.

Wa za a kai ƙara? Mutane sukan ɗauka sai sun gano ainihin nas ɗin da ta yi kuskuren lissafi. Ba sai an kai ga haka ba. Yadda idan direba ya yi ɓarna a bakin aiki ake kama mai mota, haka asibiti ke ɗaukar sakacin ma'aikatansa. Tun 1961 wata kotu ta ɗora wa hukumar asibitin koyarwa na Ibadan alhakin mutuwar wata mai jego da ta faɗo daga bene bayan an ce a sa mata ido ba a sa ba. A asibitin jiha, hukumar kula da asibitoci ake haɗawa da likitan. A na kuɗi, mai asibitin. Na san halin da ma'aikatan karkara ke ciki, likita ɗaya ga ƙaramar hukuma kusan guda, a ɗauke wuta ana tsakar aiki a ƙarasa da fitilar waya. Wannan na iya sa ka tausaya wa mutumin, amma bai wanke wanda ya ajiye shi a wannan hali ba.

Ƙofofin da ake bi ba abu ɗaya suke bayarwa ba, mutane kuma na yawan ɓata lokaci a ƙofar da ba ta da abin da suke nema. Majalisar Likitoci ta Najeriya, wato MDCN, tana karɓar koke a takardar rantsuwa, kwamitinta ya bincika, in ya ga da magana ya miƙa wa kotun ladabtarwarta. Wannan kotu na iya yi wa likita gargaɗi, ko ta dakatar da shi har wata 6, ko ta soke sunansa daga rajista. Ko kwabo ba ta ba majinyaci. Nas da ungozoma suna da tasu majalisar, haka jami'an lafiya na al'umma da ke riƙe da yawancin ƙananan asibitocin ƙauye. Idan asibitin na kuɗi ne, a Kano akwai hukumar PHIMA mai sa ido a kan asibitoci masu zaman kansu, kuma a nan ne kan bayyana ko wanda ya yanka ta likita ne ma ko kuwa wani ne ya rataya farar riga. Idan ba likita ba ne, magana ta zama ta 'yan sanda kai tsaye. In likitan gaske ne, ba na ba da shawarar farawa da 'yan sanda. Dokar laifuka ta Penal Code ta hukunta jawo mutuwa ko rauni ta hanyar ganganci ko sakaci, amma hujjar da ake bukata a shari'ar laifi ta fi nauyi, kuma ko an ɗaure shi ba shi zai dawo maka da shanu ba. Diyya a kotun farar hula ake samunta, kuma idan hukuma ko kamfani ake ƙara, a aikace Babbar Kotun Jiha ake nufa. Kai koke wata hukuma ba ya tsayar da lissafin wata ukun nan, wannan ma ka riƙe.

Zancen kuɗin lauya na san shi ke ranka. Hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya tana da ofis a Kano, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ma tana nan, haka Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Ka je su duba ko za su ɗauka. Ƙa'idojin aikinmu na lauyoyi kuma sun yarda a yi yarjejeniya da lauya cewa sai an samu diyya zai ɗauki wani kaso. In za ku yi haka, a rubuta kason tun farko.

Dattawan da suka ce ƙaddara ce ba su yi ƙarya ba, komai da ƙaddarar Allah yake faruwa. Sai dai addinin da ya koya mana imani da ƙaddara shi ne ya wajabta diyya a kisan kuskure a Suratun Nisa'i, aya ta 92, alhali wanda ya yi kisan bai yi niyya ba. An ruwaito hadisi a wajen Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, to shi zai ɗauki alhakin abin da ya ɓata. Ko gwanin ma bai fita ba: Imamu Malik ya faɗa a Muwaɗɗa cewa likita idan ya yi kaciya ya yanke kan gaba, akwai diyya, ana lissafa shi cikin kuskure. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce ko dinarin zinare 1,000, kuma malaman fiƙihu sun lissafa rasa haihuwa cikin amfanonin jiki da ake biyan diyya a kansu. Adadin da ya dace da wannan matsala malamin fiƙihu zai faɗa muku. Yafiya alheri ce kuma tana da lada, amma mai haƙƙi ne ke yin ta, bayan ya san abin da yake yafewa. Ka gaya wa dattawa wannan cikin ladabi, ko ka nemi limaminku ya gaya musu.

Abu biyu kada ka yi. Kada ka bari matasan dangi su je asibiti da hayaniya, yanzu sai mai gaskiya ya kwana a caji ofis. Kada kuma ka bari wani ya sa sunan likitan da hotonsa a Facebook, domin ƙarar ɓata suna na iya biyo baya, ta raba muku hankali.

Da ni ne lauyanku, ba zan ɓoye muku ba cewa shari'ar sakacin likita a ƙasar nan tana cin shekaru, ga ɗage zama, ga ɗaukaka ƙara, ga zirga-zirga daga ƙauye zuwa birni, kuma ko an ci gwamnati a kotu karɓar kuɗin wani aiki ne daban. Saboda haka zan shigar da ƙara cikin wa'adi don kada ƙofa ta rufe, sannan in buɗe hanyar sulhu. Asibitin da ya ga rahoton likita na biyu da takardar sammaci yakan sauko ya saurara, wanda ba zai yi ba in da baki kawai aka je masa. Babbar Kotun Kano tana da sashen sulhu tun 2009, kuma yarjejeniyar da aka cimma a can ana iya mai da ita hukuncin kotu. In kuma a gaban hakimi ko Hisba kuka fi natsuwa, babu laifi, amma da sharuɗa. A rubuta adadin kuɗin da ranar biya. A raba abin da ka kashe daban da diyyarta daban, nata ya shiga hannunta ko asusunta. A sa wanda zai ɗauki nauyin jinyar da ta rage, domin wadda aka buɗe sau biyu tana bukatar a ci gaba da duba ta. A karanta mata takardar da Hausa, a gaban shaidu, ta amince da bakinta. Kuma idan wani daga asibitin ya zo gida da ambulan ya ce ga ɗan abin sayen magani, sa hannu a nan, kada kowa ya dangwala yatsa sai lauya ya karanta abin da aka rubuta a saman layin.